Bugun Zuciyar Yaya da Ƙahon Kawu

Yayana dillalin doya ne. Mu biyu kawai mahaifiyarmu ta haifa, shi ne babba, ya ba ni shekara goma sha ɗaya, don haka tun da iyayenmu suka rasu shi nake yi wa kallon uba. Yana zaune a gidanmu na gado a unguwar Liman Abaji cikin garin Keffi, shi da matarsa wadda nake ce wa Anti. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse, wasu aure, wasu karatu. Ni kuma ina aure a unguwar Gangaren Tudu, ina koyarwa a wata firamare. Kusan kullum idan aka tashi daga makaranta sai na biya ta gidansa na sha ruwa, mu taɓa gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan in wuce. Malama yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

Abin ya same shi ne lokacin sabuwar doya. Ya tafi kasuwar Agwada yin lodi. Wajen hantsi yana tsaye ana jera doya a mota, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Gumi ya karyo masa, ya durƙusa ya yi amai a gindin taya. Abokan sana'arsa suka ce olsa ce, har wani ya jiƙa masa kanwa. Direban motar ne, Allah ya saka masa da alheri, ya ce shi bai yarda da wannan olsar ba. Ya bar lodin a rabi, ya sa shi a gidan gaba, ya kamo hanyar Keffi.

Ina cikin aji Anti ta kira ni. Kuka take yi har ba na gane maganarta. Da na isa asibiti na tarar an liƙa masa wayoyi a ƙirji, an sa masa robar iska a hanci, fuskarsa ta yi toka-toka. Likitar da ke duba shi mace ce, 'yar ƙabilar Mada, ba ta da tsawo, Hausarta da ɗan gargada amma ba ta ɓoye magana. Ta ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini ce ta toshe, wani sashe na naman zuciyar ya ji rauni. Ta ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi.

A kwana na uku muka fara murna, don ya zauna, har ya sha kunu ya tambayi yadda aka yi da doyarsa. Da rana likitar ta shigo, ta daɗe tana kallon na'urar da ke gefen gadonsa, sannan ta yafito ni.

"Malama, kawo hannunki."

Ta ɗora yatsuna biyu a wuyan hannun Yaya. "Yi shiru ki saurara. Me kika ji?"

Na ji bugu uku a jere da sauri, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai wasu ƙanana kamar suna tuntuɓe da juna. Abin ya yi mini kama da mata biyu suna daka a turmi ɗaya, ɗayar ba ta iya ba. Na faɗa mata haka. Ta yi ɗan murmushi, ta ja ni zuwa baranda.

"Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa," in ji ta. "Na saman nan nasa sun daina matsawa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. Jinin da ba a tura ba sai ya kwanta ya yi gudaji. Gudajin nan idan ya ɓalle, yana iya tafiya kai tsaye ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Kuma zuciyar da ta riga ta ji rauni, idan wannan rikicewar bugun ta hau kanta, haɗarin mutuwa ya fi na wanda nasa bugun ke tafiya daidai. Ba don ki tsorata na faɗa miki ba. Don ki sa ido ne."

Ranar da za a sallame shi ta zaunar da mu uku, ni da shi da Anti, ta baje magunguna a kan tebur. Biyu ta ware gefe. Wata farar ƙwaya mai rage wa zuciya gudu, da wata 'yar ƙaramar ja mai hana jini yin gudaji.

"Wannan jar, Alhaji, ko rana ɗaya kada ka tsallake. Amma ka sani, muddin kana shan ta, idan ka yanke jini zai yi wuyar tsayawa. Ba ƙaho, ba tsaga, ba jiƙe-jiƙe. Idan ka ga ɗan jini a dasashi kada hankalinka ya tashi, ka zo mu gwada jinin mu daidaita maka. Gishiri kaɗan, mai kaɗan, hutu da yawa."

Yaya ya ce, "To likita, an gama." Har da dariyarsa.

Hutun ne bai samu ba. Na san dubiya sunna ce, ni ma ina zuwa dubiya, amma abin da na gani a gidan nan cikin makonni biyun farko ya sa har yau idan aka ce a zo a je gaida marar lafiya sai na ji jikina ya yi sanyi. Tun daga safe har magariba ɗakinsa cike yake. Mutum goma, sha biyu, a ɗaki mai taga ɗaya, ga zafi, ga warin gumi da turare iri-iri sun haɗu sun zama wani abu daban. Su zauna a bakin gadonsa, wasu har a kan ƙafarsa, suna gardamar siyasa da ƙarfi. Idan barci ya ɗauke shi sai wani ya girgiza shi, "Alhaji, ga su wane sun zo, ka buɗe ido su gan ka." Mata su kawo kwanuka, farfesun kayan ciki mai na yawo a kai, gishiri kamar an zazzage buhu. Idan na ce likita ta hana, sai a ce ai kaɗan ba ya kisa. Abin da bai ci ba masu dubiyar ne ke cinyewa a gabansa, su tsotse ƙashi su tura ƙarƙashin kujera. Da yamma ni da Anti mu share, ƙudaje sun yi baƙi a kai.

Wata rana wani ɗan ƙungiyarsu ta 'yan doya ya tsaya a kansa yana barci, baki a buɗe, riga a yaye, ya ɗauke shi hoto ya saka a gurup ɗinsu na waya, wai a taya shi da addu'a. Kafin la'asar hoton ya zagaya gari, wani ya ƙara masa "Allah ya jiƙansa" a ƙasa. Babbar 'yarsa da ke aure a Lafiya ta kira ni tana kururuwa, ta riga ta shiga mota. Mutane suka fara sallama a ƙofar gida suna tambayar ƙarfe nawa ne jana'iza. Yaya yana kwance yana jin su ta taga. Na ɗora yatsuna a hannunsa a lokacin, bugun yana ta tsalle kamar zai fasa fata. Wanda ya ɗauki hoton kuwa da na tare shi washegari, dariya ya yi. Wai ai alamar tsawon rai ce.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, saboda haka maganarsa ce ƙarshe a dangi. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma babu fannin da bai sani ba. Yana da wani gwangwanin madara da yake yawo da shi a aljihu, a ciki yake tofa tukar goro. Kullum bayan hantsi zai zo, ya zauna a kujerar da ke kusa da kan Yaya, ya ajiye gwangwanin a kan teburin magunguna, daf da kofin shan ruwa. Sau nawa na ɗauke, sau nawa ya mayar. Tun ranar farko ya ce shi bai yarda da zancen ciwon zuciya ba.

"A danginmu babu mai ciwon zuciya. Mataccen jini ne ya taru masa a ƙirji, saboda ɗaukar kaya. Mu da muka ga jiya mun san wannan."

Na ce, "Kawu, ai an yi hoto, an gani."

"Ke rufa mana baki. Ajin firamare kike koyarwa ko likitanci?"

Wata safiyar Asabar Yaya yana goge baki da asuwaki a tsakar gida, sai ya tofar da miyau da ɗan ja a ciki. Kawu ya gani. Ya tashi tsaye yana salati, ya kira Anti, ya kira ni, ya nuna mana ƙasa da sandarsa kamar ya kama ɓarawo.

"Kun gani ko? Ƙwayar nan jininsa take sha! Mai kyan take fitarwa, ta bar mataccen a ciki."

Na maimaita masa abin da likita ta ce. Na ce ranar Litinin idan na taso daga makaranta zan kai shi a gwada jinin. Ya tofa a gwangwaninsa ya mayar aljihu.

Ranar Litinin na iso gidan bayan azahar da mai Keke na jira na a waje. Tun daga zaure na ji ƙarni. Na ɗaga labule.

Yaya na zaune a kan tabarma ba riga, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. A bayansa wani tsohon wanzami ne durƙushe, ya danna masa tsumma da hannu biyu. Ƙahoni shida na zube a gefe, kowanne da jini a bakinsa. An tsattsaga masa baya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, har da wasu a ƙirji, daidai inda aka liƙa masa wayoyi a asibiti. Kowace tsaga tana tsiyaya. Jinin ya gangaro ya jiƙa ƙugun wandonsa, ya bi saƙar tabarma ya kwanta a siminti. Akwai wata tasa ta silba, wadda muke cin tuwo a ciki, ta yi rabi da jini. Tsumman da wanzamin ke dannawa wani tsohon zane ne da Anti ke goge ƙasa da shi, na gane shi da furanninsa. Askar tana kan tabarma, ƙudaje na sauka suna tashi. Wanzamin kansa akwai busasshen jini a gefen leɓensa na zuƙar ƙaho.

"Hajiya, wallahi tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji shi. "Tun hantsi ya ƙi tsayawa. Ba a gaya mini yana shan wani magani ba."

Kawu na kan kujerarsa yana taunar goro. "Bar shi ya fita. Dattin ne."

Anti na raɓe a bayan ƙofa ta toshe baki da mayafi. Na dube ta, ta sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na ture wanzamin ba. Na fizgo zanen gado mai tsabta na naɗe Yaya da shi, na ƙwala wa mai Keke kira, muka ciccibe shi. A hanya kansa na kan kafaɗata, jinin na ratsa zanen yana shiga hijabina, ɗumi-ɗumi. A hankali ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Kawu ne. Ya zan yi in ce masa a'a?" Na ƙara danne zanen a bayansa.

Sai da aka ƙara masa jini. Da likitar ta ga tsagar da ke bayansa ba ta yi faɗa ba. Ya kwana huɗu. Ta dakatar da jar ƙwayar har tsagar ta kame, sannan ta mayar da shi kanta, ta rage yawan. Ta durƙusa a gaban gadonsa, ita da take likita, ta ce, "Alhaji, ba maganin ne ya yi maka wannan ba, aska ce. Bugun nan naka har yanzu bai daidaita ba. Idan ka bar ƙwayar nan, ba ni da abin da zan tare gudajin da shi. Ka yi mini alkawari." Ya yi mata.

Na ɗauka kunya za ta hana Kawu dawowa gidan. Ranar da aka sallamo Yaya muka sami Kawu a kujerarsa, ɗaki cike da 'yan dubiya, yana ba su labari. A nasa labarin shi ne ya tona asirin maganin asibiti. Wai shekara nawa ana ƙaho a garin nan, wa ya taɓa ganin jini ya ƙi tsayawa? Ai ƙwayar ce ta mayar da jinin yaron nan ruwa, da ba a yi ƙahon ba da ba a gane ba sai ya zube a kasuwa. Mutane na gyaɗa kai suna cewa, "Ikon Allah! Gaskiya ne, Baba." A cikinsu har da masu digiri, masu tafiya Abuja aiki kullum da safe. Babu wanda ya musa masa. Na tsaya a bakin ƙofa da ledar magunguna a hannu, na ji duk ɗakin ya fita daga raina, su da manyan rigunansu.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Na rubuta lokutan magani a takarda na manna a bango. Na ce wa Anti ta riƙa ba shi da hannunta. Kullum na zo sai na taɓa hannunsa, sannan in tambaye shi, "Yaya, ka sha jar?" Ya ce, "Na sha, Malama, sai ki ba ni maki." Ranar gwajin jini ta zo, ya ce jikinsa ba daɗi, a bari sai mako mai zuwa. Mako ya zagayo, ya ce ai ya warke, ga shi har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ni kuma jarrabawar yara ta taso, na bari. Na lura dasashinsa ya daina jini. Na lura ya yanke a yatsa wajen fere rake, jinin ya tsaya nan da nan. Na gani da idona, kuma murna na yi. Na ce a raina jiki ya saba da magani. Ni da aka ja baranda aka ce in sa ido. Wannan shi ne abin da har yau idan na tuna nake jin ƙyamar kaina fiye da ta kowa. Na gaji da faɗa ne, na gaji da a riƙa ce mini marar kunya, sai na zaɓi in yarda da abin da ya fi sauƙi.

Bayan kamar mako biyar, wata safiya yana karyawa, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Anti ta gaya mini cewa ya buɗe baki zai yi magana sai bakin ya karkace, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Kafin in iso asibiti ɓarin jikinsa ya mutu. Idonsa na hagu kawai ke bin mutane. Da ya gan ni hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Na goge masa miyau da bakin mayafina.

Likitar ta duba sakamakon gwajin jininsa, ta dube ni. "Babu alamar maganin a jikinsa, Malama. Ya daɗe bai sha ba."

Na ce, "Yana sha. Kullum ina tambayarsa."

Ba ta yi mini gardama ba. Ta dafa kafaɗata ta wuce.

Kwana huɗu ya yi. Ranar Alhamis bayan la'asar ina riƙe da hannunsa, bugun ya yi ta sauri yana tuntuɓe, ya yi rauni, sannan na neme shi na rasa. Ma'aikatan suka zo da gudu suka fitar da ni, suka yi iya yinsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Washegarin sadakar uku muna ware kayansa da za a bayar, Anti ta ɗauko wata tsohuwar babbar riga daga ƙasan akwati. Ta tsaya riƙe da ita, sai ta fashe da kuka ta miƙo mini. Na zura hannu a aljihun. Jajayen ƙwayoyi ne, wasu sun narke sun manne da zare don an taɓa sa su a baki. Sun cika tafin hannuna.

"Kin sani?" na tambaye ta.

Ta ce ta sani. Yakan karɓa ya sa a baki, idan ta juya ya fitar. Ta kama shi tun satin farko. Ya roƙe ta kada ta gaya mini, ya ce duk lokacin da ya ga ƙwayar sai ya tuna tasar nan. Kawu kuma ya kira ta zaure ya ce mata idan ta ci gaba da ɗura wa ɗansu guba, duk abin da ya same shi ita dangi za su tuhuma.

"Ni bare ce a gidan nan, Malama," in ji ta. "Shekara talatin, amma bare ce."

Na so in tsane ta, ban iya ba. Na juye ƙwayoyin a faranti, na yafa mayafi, na nufi zaure inda maza ke zaman makoki. Kawu na tsakiya a kan darduma, ana ta miƙa masa hannu ana yi masa ta'aziyya, don shi ne a matsayin uban mamaci. Ina isa na ji yana cewa, "Na faɗa musu tun farko, magungunan nan sun fi ƙarfin jikinsa." Na durƙusa na ajiye farantin a gabansa.

"Kawu, ga maganin da ka ce ya kashe shi. Bai sha ba. Maganarka ya bi."

Kawu ya dubi farantin, ya dube ni, ya ture shi gefe da bayan hannu.

"Kwanansa ne ya ƙare. Ko kina jayayya da hukuncin Allah ne?"

"Ba na jayayya da Allah, Kawu. Da kai nake yi."

Ban ƙara ko kalma ba aka janye ni. Mata suka rufe ni a ɗaki suna salati, wai baƙin ciki ya taɓa mini hankali. Babu wadda ta tambayi mene ne a farantin. Abin da ya dame su shi ne mace ta shiga zauren maza ta ɗaga wa babba murya ana zaman makoki. Kafin sadakar bakwai an kai ƙarata wurin mijina, an aiko dattawa biyu. Mijina mutum ne mai gudun fitina. Ya ce, "Na san ke ce da gaskiya, amma ki je ki ba shi haƙuri a wuce wurin." Na je. Na durƙusa a gaban Kawu, gwangwaninsa na gefen gwiwata, na ce ya yafe mini. Ya ɗora mini hannu a ka ya ce ya yafe, ai ƙuruciya ce. Ina da shekara arba'in da biyar a lokacin. Da na koma gida sai da na wanke kaina da sabulu har sau biyu.

Anti ta gama takaba ta koma wurin 'yarta a Lafiya. Mukan yi waya jefi-jefi, ba ma taɓo zancen. Gidan Liman Abaji an zuba 'yan haya. Na daina bin ta layin, na canza hanyar dawowa daga makaranta duk da ta fi nisa.

Bara aka ce Kawu ba shi da lafiya, hawan jini ya kayar da shi a banɗaki. Na yi kwana tara ina ja, sannan na je, don kada a sake aiko mini dattawa. Na same shi a falo shi kaɗai, ya hana 'yan dubiya shiga, wai likita ya ce ya huta. An daina ba shi goro. A kan tebur akwai wata 'yar roba mai gida bakwai, kowane gida da ƙwayoyin rana ɗaya. Muna cikin gaisawa wayarsa ta yi ƙara, ya katse ni da hannu, ya buɗe gida ɗaya ya haɗiye da ruwa, ya yi hamdala.

"Da magani ba a wasa," in ji shi. Sannan ya miƙo mini wata takarda. "Yauwa, 'yar nan, idona ya yi rauni. Duba mini wannan sabon, kafin abinci ne ko bayan abinci?"

Na karɓa. Na daɗe ina kallon rubutun duk da layi ɗaya ne.

"Bayan abinci ne, Kawu. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Allah ya yi miki albarka."

Jikarsa ta kawo mini zoɓo mai sanyi a kofi. Na ce ina azumi, alhali ba na yi. Na yi masa sallama, na fito na tari Keke zuwa Gangaren Tudu.